Farashin baƙo a kasuwar Darajani

Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a rumfa a kasuwar Dole ta Damagaram ina sayar da kayan fata, wato jakunkuna da takalma da matasai da kuben wuƙa, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin laifin faɗa wa baƙo kuɗin da ba zan faɗa wa ɗan gari ba. Idan mutum ya tsaya a gaban rumfata na ga yana jujjuya jaka yana duban ɗinkin kamar bai taɓa ganin aikin dukawanmu ba, to kafin ya buɗe baki na riga na ɗora jika biyu a kai a cikin zuciyata. Ban san ɗacin abin ba sai da na kwana goma sha ɗaya a tsibirin Zanzibar, inda na zama ni ne mai jujjuya kaya, wani kuma yana karanta fuskata.

Ƙanena ne yake aiki a Darussalam, babban birnin kasuwanci na Tanzaniya, kuma ya daɗe yana matsa mini in je in ga iyalinsa. Da na amince sai na ce ba zan yi tafiya mai tsawo haka hannu rabbana ba, saboda haka na ɗauki jakunkuna bakwai daga cikin mafi kyawun da nake da su, na kuma ƙulla niyyar saro kanumfari. Lissafina shi ne, kanumfarin da matanmu suke sa wa a kunu da fura da yaji da turaren wuta yana ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso mana ta Kano, ga shi kuwa Allah zai kai ni har inda ake noma shi. Na bi mota kusan kilomita 900 zuwa Yamai, na hau jirgin sama ta Adis Ababa, daga Darussalam kuma muka shiga jirgin ruwa wanda ya kai mu tsibirin cikin kamar awa biyu. Ba zan tsaya ba da labarin abin da cikina ya yi a kan teku ba, mutumin ƙasar da ba ta da gaɓar ruwa ya san sauran. A tashar jirgin aka sake duba fasfona, domin ko da yake Zanzibar ta haɗe da Tanganyika tun 1964 suka zama Tanzaniya, har yanzu tana da shugabanta da gwamnatinta, kuma tun watan Oktoba na 2024 baƙon da ya shigo daga wata ƙasa sai ya biya dalar Amurka 44 kuɗin inshora. Wato ban taya komai ba tukuna, baƙuntata ta fara cin kuɗi.

Washegari ƙanena ya koma bakin aikinsa, ya bar ni da alkawarin cewa wani abokinsa zai zo da yamma. Ban jira shi ba. Na ce a raina ɗan kasuwa ba ya ɓata a kasuwa, na sa rigata da hulata na nufi Darajani, babbar kasuwar da ke bakin tsohon garin, wadda aka gina a 1904. Ƙarnin kifi ne ya fara tarbata, bayansa kuma ƙamshin kirfa da masoro da citta da kanumfari, an jera su tuli tuli. Na yi zaton tun da fatata irin tasu ce, ga shi kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, zan saje da su. Na yi wa wani mai kayan ƙamshi sallama, ya amsa da fara'a, sannan ya kwararo mini Suwahilanci, ni kuwa na yi tsuru tsuru. Nan take na ga idonsa ya canza, irin canjin da na san nawa yana yi a rumfa. Ya gwada Ingilishi, ni kuma Faransanci na ɗan taɓa a lakwal, wanda ba ya tsinana komai a can, daga ƙarshe ya ɗauko waya ya rubuta shilin 20,000, kuɗin ƙasarsu, a kan ɗan ƙullin kanumfari. Na rubuta 15,000 ina jin kaina gwani, ya sallama da sauri har da dafa ƙirji. Duk ɗan kasuwa ya san abin da saurin sallamawa yake nufi. Da yamma abokin ƙanena ya ɗaga ƙullin ya auna a tafin hannunsa, ya ce matarsa ba za ta ba da fiye da 5,000 ba.

Wani ɓangare na asarar daga kuɗin ƙasar ya fito. Babbar takardarsu ita ce ta shilin 10,000, ja ce mai hoton giwa, kuma idona da ya saba da takardar jika goma ta sefa yana ganinta da girma, alhali darajarta ba ta kai jika uku ba. Sai mutum ya rasa ma'auni, wani lokaci ya yi ta ja-in-ja a kan abin da bai kai dala ashirin ba, wani lokaci kuma ya saki kuɗi mai yawa bai ji ba. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne lambobinsu sun yi kama da namu, domin mu da su duk daga Larabci muka aro. Suna cewa ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, kuma ɗari a wurinsu mia ce, 'yar'uwar minya da metan da tsofaffinmu suke faɗa. Na ji daɗi da na gane haka, amma kunnen Badamagare idan ya ji hamsin a kasuwa, dala hamsin yake ji, sai ya ninka sau biyar da kansa. Na fi kwana uku ina yaƙi da wannan ninki. Har ƙananan motocin haya da suke kira daladala, an ce mini sunan ya samo asali ne daga shilin biyar da ake biya a da, wanda suke ce wa dala, kamar yadda muke kiran tamma biyar.

Amma abin da na fi kewa shi ne kalmar albarka. A wurinmu idan ka taya kaya mai shi ya ce albarka, ya ƙi tayinka ke nan ba tare da ya kore ka ba, ƙofa a buɗe take, kai ma ka san ƙari ake nema. Kalma ɗaya ce mai ɗauke da ƙi da ladabi da gayyata. A can ina jiran in ji abin da ya yi kama da ita, sai dai in ga dariya, ko girgiza kai, ko a juya ga wani mai saye, ni kuma in kasa bambance wanda ya ji haushi da wanda yake so in ƙara. Sannu a hankali na haddace 'yan kalmomi: bei gani, wato nawa ne, ghali sana, ya yi tsada ƙwarai, punguza, rage, bei ya mwisho, kuɗin ƙarshe. Na kuma lura cewa kasuwa biyu ce a gari ɗaya. A lungunan tsohon gari inda ake sayar wa masu yawon buɗe ido sassaƙa da zannuwa, kuɗin farko yakan ninka na gaskiya sau biyu ko uku, kuma idan ka juya za ka tafi za a kira ka. A wurin mai tumatir ko mai ayaba kuwa ragin kaɗan ne, idan ka tafi ka tafi ke nan, abin da ake nema a wurinsu shi ne gyara, wadda suke kira nyongeza. Na taya kwakwa da rabin kuɗinta a rana ta biyu, tsohuwar da ke sayarwa ta dube ni duban da har yau ina jin kunyarsa.

Akwai kuma samarin da ke tsayawa a bakin tashar jirgi da mashigar lunguna, waɗanda mutanen garin suke kira papasi, ma'ana kaska. Ɗaya daga cikinsu ya manne mini tun safe, yana kirana ɗan'uwa, yana nuna mini shaguna, bai nemi ko sisi ba. Sai daga baya na gane cewa duk shagon da muka shiga tare, la'adarsa tana cikin kuɗin da aka faɗa mini. Ba dillancin ne ya dame ni ba, mu ma da dillalai muke ci, amma dillalin kasuwar dabbobi a Damagaram an san shi, an san gidansu, la'adarsa a fili ake ba shi, kuma idan saniyar sata ce shi za a kama. Wannan kuwa ba ya ɗauke da nauyin komai, gobe ma ba lalle ne in gan shi ba.

Abin da ya gyara mini zama shi ne sallar la'asar a wani ƙaramin masallaci. Bayan an idar wani dattijo ya tambaye ni da Larabci daga ina nake, na lallaɓo ɗan abin da ya rage mini na makarantar allo da littattafan zaure na ba shi amsa. Bai san Damagaram ba, amma ya san Kano da Barno a bakin alhazai. Abokin ƙanena ya riga ya koya mini cewa ana gaida babba da shikamoo, shi kuma ya amsa da marahaba, da na faɗa sai ya yi dariya ya riƙe hannuna bai sake ba har ƙofar gidansa. Tun daga ranar ya zama mini abin da kakanninmu suke kira mai masauki. A zamanin da ayarin raƙuma yake sauka a Zango daga Agadas da Tarabulus, ba a barin fatake su shiga ciniki su kaɗai, mai masauki ne yake ajiye kayansu, ya nemo masu saye, ya tsaya musu idan bashi ya shiga tsakani. Na taso ina jin wannan a bakin mahaifina kamar tatsuniya, ban san wata rana zan nemi irinsa ido rufe ba. Da dattijon nan yana gefena, mai kayan ƙamshin da ya sayar mini ƙulli a 15,000 ya kawo mini kujera, kuma ba a sake ɗauko waya ba.

Shi ne kuma ya rushe mini lissafin kanumfari. Ya ce mafi yawansa ba a wannan tsibiri na Unguja ake noma shi ba, a Pemba ne, can arewa. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19, shi ya yaɗa nomansa, kuma da ƙarfin bayi aka yi gonakin, har yau akwai coci a filin da kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Yanzu kuwa manomi ba ya sayar wa wanda ya ga dama, kamfanin cinikayya na gwamnati ne yake saye, shi yake fitarwa waje, wanda kuma aka kama yana tsallakawa da buhuna a ɓoye ɗan fasa-ƙwauri ne. Ke nan tunanina na shiga ƙauye in taya buhu biyar kamar yadda nake tayen fata a kasuwar ƙauye mafarki ne. Ya ƙara da cewa Indunusiya ta fi kowace ƙasa noman kanumfari, tana kuma ƙone yawancinsa a cikin taba, Madagaska ma tana fitarwa da yawa, saboda haka wanda muke saya a Kano ba dole ba ne ya taɓa ganin Zanzibar. Na haƙura da kilo biyu na tsaraba, amma na ƙaru da sanin mai kyau: kansa yana nan bai karye ba, idan ka danna shi da farce sai mai ya fito, idan ka jefa shi a ruwa ya nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda ya kwanta a saman ruwa kuwa ya bushe ya rasa mai.

Batun jakunkuna ya kusa lalacewa saboda agogo. Dattijon ya shirya mini ganawa da wani mai shago, aka ce in zo saa tatu, wato sa'a uku, ni kuwa na yi wanka na isa ƙarfe uku na rana. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ɗaya, saboda haka mutumin tun ƙarfe tara na safe yake jirana. Da dattijon bai je da kansa ya ba da haƙuri ba, da maganar ta mutu a nan. Mai shagon ya yaba jan fatar akuyarmu, ya shinshina ta, ya ja ɗinkin, amma ya ce ba zai biya a take ba, sai dai in bari idan an saya ya aiko. Na tambaya ko baƙo zai iya kama rumfa ya sayar da kansa, suka ce bizar ziyara ba ta ba ni wannan izini ba, kuma baƙo ba ya mallakar ƙasa a tsibirin, haya kawai ake ba shi ta wasu shekaru, masu babban jari kuma ta hukumar zuba jari suke bi. Wani ya ba ni shawara a gefe cewa in buɗe da sunan ɗan gari, na ce masa na ga yadda irin wannan take ƙarewa tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ma, balle wanda teku ta raba mu.

Ranar da zan taso na shiga sayen zannuwan kanga, waɗanda ake sayarwa biyu biyu, kowanne da rubutu a bakinsa. Na zaɓi wani mai ruwan ganye saboda uwargida, sai mai shagon ta tambayi abokin ƙanena wa za a kai wa, da ta ji sai ta karɓe shi daga hannuna ta ba ni wani. Ashe rubutun na farko habaici ne ga mace mai yawan gulma, kuma akwai ɗan maƙwabcinmu da ya yi karatu a Kenya, wanda ba zai rasa fassara mata ba.

Jakunkuna bakwai ɗin na bar su a hannun mai shagon, dattijon ya zama shaida, babu takarda sai wadda na rubuta da ajami a bayan tikitin jirgin ruwa. Bayan wata huɗu ƙanena ya kira ni ya ce, “Yaya, mutuminka ya turo kuɗin jaka uku ta waya, ta hanyar M-Pesa, ya ce Turawa sun fi son masu doguwar igiya, kuma a rage musu tuntaye.” Na kai saƙon wurin badukun da ke mini aiki a Birni, ya ce tuntu shi ne adon jaka, amma tun da masu kuɗi sun faɗa zai rage. Huɗu suna can har yanzu, kuma da na lissafa kuɗin aike da abin da aka ci a canji, ribar ukun ba ta kai ta jaka ɗaya da zan sayar a Dole ranar Alhamis ba.