Ranar da na yi sulu a dutsen Riruwai

Ni fa mutumin fadama ne, a Kura aka haife ni, shinkafa da tumatir na sani, tudun da na fi hawa a rayuwata shi ne bakin kanal. To kwatsam a watan Janairu ɗan yayata ya dawo daga Dubai bayan shekara uku yana tsaron shago, ya tasa ni gaba wai sai na raka shi Riruwai zai hau dutse. Na ce yaro lafiyarka kuwa? Mutum da ƙafarsa ƙalau ya biya kuɗin mota ya je neman wahala. Ya ce Kawu kai dai mu je.

Bayan asuba muka fita, hazo ya rufe gari ko fitilar motar gabanka da ƙyar kake gani, muka bi Kwanar Ɗangora muka wuce Tudun Wada, da muka shiga dajin Falgore direba ya rage rediyo kowa ya kama salati a ransa. A nan ne yaron ya ciro waya ya fara nuna min abin da ya shiga kansa. Wai a cikin wani katafaren kanti, Mall of the Emirates, tun 2005 aka gina wajen zamiya a kan dusar ƙanƙara, inji ne yake yin ƙanƙarar, a waje zafi ya haura digiri 40 a ciki kuma ƙasa da sifili, har rigar sanyi da takalmi haya ake ba ka. Sau biyu ya shiga, sau nawa ya faɗi kuma bai ƙirga ba.

Amma ya ce wannan wasan yara ne, na gasken yana Turai. Ya nuna min wajen zamiya na Hintertux a ƙasar Ostiriya, a kan dutse mai tsayin sama da mita 3,000, ƙanƙarar da ta daskare tun kaka da kakanni ba ta narkewa duka ko da bazara, shi ya sa kusan duk shekara ake zamiya a can. Haka ma Zermatt a Suwizalan. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne lokacin zafinsu da sassafe suke hawa, kafin rana ta take sun tashi saboda ƙanƙarar ta yi laushi, na ce ashe dai irin namu ne masu dashen shinkafa. Ya ce a Yulin 2022 sai da Zermatt ta dakatar da zamiyar saboda zafi ya cinye dusar. Na ce to su ma damina ta fara yi musu gardama kenan.

Riruwai kam sanyi ne na gaske, ba irin na Kura ba, iska ce ke ratsa riga har ƙashi. Duwatsu sun kewaye gari, ga ragowar wajen haƙar kuza da aka rufe tun shekarun 1980, ƙarafa duk sun yi tsatsa. Wani dattijo da muka gaisar ya dube mu sama da ƙasa ya ce, “'Ya'yana me kuka yar a saman dutsen?” Na ce Baba nima rakiya na yi. Ya yi dariya ya haɗa mu da jikansa.

Hawan nan ba zan ɓoye ba na ji jiki, silifas na saka kamar mai zuwa masallaci, gwiwa tana rawa numfashi yana sarƙewa, ga mata suna wuce ni da dammunan itace a ka suna ce min sannu Malam. Wallahi kunya ta fi gajiyar.

Can wajen wani falalen dutse mai santsi muka tarar da yara sun fi goma, sun yanka tsohuwar jarka gida biyu, mutum ya zauna a ciki ya ɗage ƙafa sai fiii har ƙasa cikin yashi. Wajen har ya yi sheƙi, ka san ba yau aka fara ba. Na tambayi jikan Baba ko da sanyi kawai suke yi, ya ce a'a kullum ne, da damina ma ya fi gudu sai dai ana shan duka a gida. Ɗan yayata ya tsaya ya yi shiru yana kallo, shi da ya tara albashi don ya shiga na Dubai.

Shi ya fara. Sai yaran suka juyo kaina, Baba hau mana, Baba hau. Na hau. Jarkar ta tsere ta bar ni a rabin hanya, sauran tafiyar da wandon shaddata na ƙarasa ta, gwiwar hannu ta goge, hula ta yi nata waje. Da rigar sanyin yaron na ɗaure ƙugu har tasha, kuma kafin mu fito daga Falgore ya riga ya tura bidiyon a gurup ɗin gida na WhatsApp, uwarsa ce ta fara kira.