A-kori-kura in ta ƙi tashi, kunne ake fara sawa

A-kori-kurata Fijo 504 ce, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa nan Kakuri ta Kaduna, a kamfanin Fijo da ya fara aiki tun 1975. Da ita nake jigilar buhunan masara daga Kawo zuwa Tudun Wada. Ta tsufa kam. Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk ranar da ta ƙi tashi sai jama'a su taru kowa da fatawarsa, wannan ya ce batir, wancan ya ce a tura. Alhali motar da bakinta take faɗin inda ke mata ciwo.

In ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ɗan ƙas-ƙas kawai, kunna fitila, ka sa yaro ya tsaya gaba yana kallo, ka sake murɗawa. In hasken ya dushe, to ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya yi datti. Wannan farin garin mai kore-kore da ke taruwa a kansa ya isa ya hana wuta wucewa. Ruwan zafi da ɗan jiƙon kanwa ke wanke shi, a kankare, a ɗaure da sufana. A duba wayar as ma, wato wayar batir da ke zuwa jikin inji, don ita kowa ke mantawa. Wani maƙwabcina har ya ci bashin kuɗin sabon batir, mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya ɗora mitar awon batir ya ga 12.6, ya ce, "Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu, batir ɗinka lafiyarsa lau." Ƙusa ɗaya ce ta saki.

In kuwa fitila na nan tar amma inji bai motsa ba, galibi laifin kik ne, wato na'urar da ke juya inji ya tashi. Ɗan ƙwanƙwasa shi da sufana, in ya ɗauka to burushinsa ya cinye, kuma dabarar ba ta daɗewa.

Inda aikin yake shi ne inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Nan abu biyu ne, wuta ko mai, kuma ni da wuta nake farawa. Zare wayar tsakiya daga murfin distirbuta, mai raba wuta ga fulogi, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da ƙarfen inji, nesa da kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, wani ya murɗa maka. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake so. In ja ne mai rauni, ko babu sam, buɗe murfin ka dubi kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa yana ba da tartsatsi. Bakinsa kan ƙone ya yi baƙi, ko tazarar ta rufe. Milimita 0.4 ake ba shi, kuma in za ka canja, haɗa da kwandansa, 'yar gwangwanin da ke haɗe da shi, don lalacewarta ce ke ƙona shi. Da damina, safiyar da aka kwana ana ruwa, sau da yawa laima ce kawai a cikin murfin, tsumma busasshe ya wadatar. Kwail kuwa, mai ƙara wa wutar ƙarfi, halinsa daban: mota ta yi tafiya ta ɗau zafi ta mutu a tsakiyar titin Ahmadu Bello, ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Wanda ya cire wayoyin fulogi gaba ɗaya, ya tuna jerin wutar 1-3-4-2 ne, in ya rikita su sai dai ya ji tana harbi.

Mai ba shi da dogon bayani. Cire tiyon da ke shiga kafireto, ka sa bakinsa cikin gora, a murɗa. In bai zubo da ƙarfi ba, filta ta toshe da ƙurar hunturu da tsatsar tanki, ko famfon mai ya gaji.

Tura mota kuma, da ake ta kira tun farko, tana amfani in matsalar kik ce ko batir mai rauni, a giya ta biyu. In babu tartsatsi, ko har Panteka samari suka tura ka ba za ta kama ba, kuma sai ka ba su na ruwa.