Ajiyar kayan ɗinki a gida: abin da damina da hunturu ke koya wa maɗinka

Yawancin yadin da ke lalacewa a hannun masu ɗinki a gida, ba almakashi ne ke ɓata shi ba, wurin ajiya ne. A Bauchi lokaci biyu ne ke gwada mai ɗinki: damina, musamman watan Agusta da bango ke shan ruwa, sai hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli.

Darasi na farko, kaya ba sa zama a ƙasa kuma ba sa jingina da bango. Siminti yana jan danshi ko da ido bai gani ba, gara kuma ta nan take hawowa. Bulo huɗu da katako ɗaya sun isa su ɗaga kaya kamar inci 6 daga ƙasa, a bar faɗin tafin hannu tsakaninsu da bango. Kwalin da ake samu a arha a kasuwar Muda Lawal yana da amfani, amma gara da kyankyaso na son kwali, don haka shi ma bisa katako zai hau, a riƙa leƙa gindinsa.

Leda ita ce ta fi yaudarar mutane. Tana tare ƙura, gaskiya ne, amma idan aka ƙulle atamfa a cikinta da ɗan danshi, fumfuna ce za ta fito, baƙaƙen ɗigo-ɗigo da wanki ba ya cika fitarwa. Da hunturu a yi amfani da leda, da damina kuwa tsohon zanen gado ko rigar matashin kai sun fi, domin iska na ratsawa. Duk sati biyu a fito da kayan su sha iska a inuwa. Rana tana koɗar da launi, kuma daidai kan ninki take farawa, sai a buɗe turmi a ga layi fari ya raba shi.

Ninki ma kowane yadi da halinsa. Turmin atamfa yadi 6 ne, a bar shi da ninkinsa na kanti, a jera a tsaye a cikin kwali ko jaka yadda ake jera littattafai, ana buɗewa a ga kowanne ba sai an birkita na sama ba. Shadda ba ta son nauyi a kanta, kuma in ta daɗe a ninki ɗaya sai karin ya zauna, shi ya sa ake sauya mata ninki bayan wata biyu ko uku. Leshi mai duwatsu a juya shi ciki waje kafin a ninke, kada duwatsun su ja zaren na kusa. Yadi mai santsi kuwa naɗi ya fi masa. Masu sayar da yadi a kasuwar Wunti sukan rage sandunan kwalin da aka naɗo kaya a kai, a tambaya.

Abubuwa uku kan bar tabo ba a sani ba: fil ko allura da aka soke aka manta, sai tsatsa ta kama, jarida da aka shimfiɗa, tawadarta ta zauna a farin yadi, da biro da aka yi alama da shi maimakon alli. Kafur yana korar asu, amma a ƙulle shi a ƙyalle kada ya taɓa kaya, a nisanta shi da yara, kayan jarirai kuma kada ma a haɗa su da shi. Kayan da aka sa wa sitati ba na doguwar ajiya ba ne, ƙwari na binsa.

Sai kayan mutane, inda rigima take. Gab da Sallah atamfa iri ɗaya takan zo daga gida uku. Ranar da kaya suka shigo a auna da tef a gaban mai su, a rubuta suna, yawan yadi da ranar karɓa a 'yar takarda, a ɗinke ta da zare a gefen yadin. "Hajiya, yadi 5 da rabi ne, ba 6 ba," magana ce mai sauƙi kafin a yanka, bayan an yanka kuwa ta zama shari'a.

Ragowar ƙyallaye a raba su biyu kawai. Wanda ya kai rabin yadi a ninke shi daban, zai yi aljihu, wuya ko rigar yarinya. Ƙananan a tara a buhu ɗaya, in ya cika a cusa matashi da su.