Shirun da ke gaban harbi a finafinan kaboyi

Mu da muka tashi a Maradi a zamanin kaset ɗin bidiyo mun san kaboyi tun kafin mu san inda Amurka take a taswira. Da dala biyar ake shiga rumfar kallo ta unguwarmu, a zauna kan benci a matse, finafinan kuwa duk da Faransanci suke zuwa, saboda haka wanda ya yi nisa a lakwal shi ne tafintan sauran. Mutum biyu kawai muke nema a kowane fim, wato akter, jarumin fim, da shef bandi, shugaban miyagu, kuma kowa ya san cewa komai daren daɗewa sai sun tsaya gaba da gaba. Yanzu da na sake kallon waɗannan finafinai da idon manya, na lura cewa faɗan bindigar da suka zauna mini a rai duk irin waɗanda aka daɗe ana jiransu ne, harbin kansa kuwa bai wuce ƙiftawar ido ba.

Wanda ya fi nuna haka shi ne farkon fim ɗin Sergio Leone na 1968, wanda muka sani da sunan Il était une fois dans l'Ouest. Mutum uku ne suke jiran jirgin ƙasa a wata tasha da ke tsakiyar fako, kuma aka shafe fiye da minti goma babu kiɗa, babu wata magana ta kirki, sai kukan wani tsohon famfon iska. Ƙuda ya addabi ɗayansu har ya kama shi ya rufe a bakin bindigarsa, ruwa yana ɗiga a kan hular na biyu har ya taru ya shanye, na uku yana ta ƙwanƙwasa yatsunsa. Da jirgi ya zo ya wuce, sai ga Charles Bronson tsaye a ƙetaren hanyar jirgin yana busa ɗan abin busarsa. Ya tambaya ko sun zo masa da doki, suka yi dariya suka ce saura doki ɗaya ya ishe su, shi kuma ya nuna musu cewa biyu ma sun yi yawa. Kafin mai kallo ya gyara zama duk huɗun suna ƙasa, Bronson ne kaɗai ya tashi, shi ma da rauni.

Ina jin abin da ya sa wannan salo bai zame mana baƙo ba shi ne kokowa. Duk wanda ya taɓa zama a fage lokacin gasar takobi ya san cewa ƴan kokowa biyu suna iya daɗewa a durƙushe suna zagaye juna, wannan ya ɗebi ƙasa ya murza, wancan ya kai hannu ya janye, makaɗa suna zuga, sannan kaye ya zo farat ɗaya. Wanda ya juya yana sayen gyaɗa a wannan lokacin ya yi asarar kuɗin shigarsa.

Fim ɗin Fred Zinnemann na 1952, Le train sifflera trois fois, ya ɗauki wannan jira ya shimfiɗa shi a kan fim ɗin gaba ɗaya. Gary Cooper, mai tsaron gari, ya ji cewa wanda ya taɓa kaiwa kurkuku zai iso a jirgin ƙarfe 12 na rana, ya bi mutanen gari yana neman mataimaki, kowa ya kawo uzuri, agogo kuwa yana ta tafiya. A ganina harbe-harben ƙarshe ba wani abin a zo a gani ba ne, amma fitowarsa shi kaɗai a titin da babu ko kare, da yadda ya jefar da tauraronsa, alamar muƙaminsa, a ƙasa bayan ƙura ta lafa, sun fi harbi ɗari nauyi. Muna yara dai Django na 1966 muka fi so, inda Franco Nero yake jan akwatin gawa ya buɗe ya fito da mashinga ya zubar da mutane kamar ana kaɗe mangwaro, amma yau idan na kalla ba na jin komai, domin ba a ba ni lokacin jin tsoro ba. Ko faɗan gaske da ya fi shahara a tarihin yammacin Amurka, wanda aka yi a garin Tombstone ranar 26 ga Oktoba 1881, kusan daƙiƙa 30 ya ɗauka, mutum uku suka mutu.

Wannan shekara ta 1966 tana da wani abu namu a ciki, domin a cikinta ne Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a nan Nijar, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauyensu, kuma Zalika Souley tana cikin ƴan wasan. A cikinta ne kuma Leone ya fitar da Le Bon, la Brute et le Truand, wanda faɗansa na ƙarshe shi ne gwanina.

A wata maƙabarta aka yi shi, wadda sojojin Sifen suka gina domin fim ɗin kusa da Burgos, kaburbura sun kewaye wani fili mai kama da fagen kokowa. Zinariya ta dalar Amurka 200,000 tana binne a wani kabari, Blondin, wato Clint Eastwood, shi kaɗai ya san wanne ne, sai ya ce ya rubuta sunan a ƙarƙashin wani dutse, ya ajiye dutsen a tsakiyar fili. Wahalar ita ce su uku ne, kuma duk wanda ya harbi ɗaya ya bar bayansa ga ɗayan. Kiɗan Ennio Morricone yana hawa, kyamara tana matsowa daga faɗin fili zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa yatsu, daga yatsu zuwa idanu, idon Tuco na Eli Wallach yana rawa tsakanin mutum biyu, hannun Sentenza na Lee Van Cleef yana rarrafe zuwa bindiga. Sai harbi ɗaya, Sentenza ya faɗi, na biyu ya gangarar da shi cikin wani buɗaɗɗen kabari.

Sai bayan haka ake gane cewa Blondin ya zare harsasan bindigar Tuco tun daren jiya, kuma dutsen babu rubutun komai a jikinsa. A kallo na biyu na bar sauran na kafa wa Eastwood ido, na ga cewa natsuwar da muka ɗauka jarumta ce ta wanda ya riga ya san abokin gabansa ɗaya ne tak. A rumfarmu kuwa, lokacin da Eli Wallach yake ta danna kunamar bindiga tana ƙas-ƙas babu wuta, dariya ta hana mu jin abin da tafinta yake faɗa, har sai da mai bidiyo ya mayar mana da kaset baya muka ji Blondin yana umartarsa da ya ɗauki shebur ya yi haƙa.