Sauya tsohon bututun ruwa a layin unguwa: inda aikin yake da wuya

Ruwan famfon Kaduna daga kogin Kaduna ake ɗebo shi, a tace a matatar Malali da ta Kaduna ta Kudu, amma a hanya yake gamuwa da matsala. Tsofaffin layukan da muka tone a cikin unguwanni, ko dai na asbestos ne (wani ma'adini mai zare-zare) da aka haɗa da siminti, ko na ƙarfe da tsatsa ta cika cikinsa har mai inci 4 ya koma kamar mai inci 2. Idan aka ɗauke ruwa, bututu yakan zuƙi abin da ke kewaye da shi. In yana da tsaga kusa da lambatu, ruwan kwata zai sha. Shi ya sa ruwan farko kan zo da wari.

Zan yi misali da layi mai mita 500 da muka sa wa baƙin bututun roba na HDPE mai milimita 110. Kafin komai mun haƙa ramukan gwaji duk bayan mita 50, da diga da shebur, ba da inji ba. Tsohuwar taswira ba abin dogaro ba ce, kuma ƙarƙashin ƙasa akwai wayar lantarki da ta sadarwa. Sai aka sanar da mai unguwa, liman ya yi shela a masallaci domin mutane su tara ruwa. Lokacin aikin daga Nuwamba zuwa Maris ne. Wanda ya buɗe rami a Agusta zai ga gefensa yana zaftarewa, bututun da ba komai a cikinsa kuma ya taso sama kamar gora.

Faɗin rami santimita 60 ya isa. Zurfi kuwa, a tabbata ƙasar da za ta hau kan bututu ta kai santimita 90, inda motoci ke bi mita 1.2. Jar ƙasar Kaduna cike take da tsakuwa da marmara, don haka sai an shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a kwantar da bututu, a sake lulluɓe shi da yashin. A nan 'yan kwangila suka fi yin ƙwauro. Dutse ɗaya mai tsini da ya tokare roba ba zai fasa ta a ranar ba, sai bayan tipa ta yi ta bi ta kai.

Ana haɗa HDPE ne da injin narkarwa: a feƙe bakunan biyu su daidaita, a goge, a manna su da farantin da ya yi zafin digiri 210 zuwa 220, sannan a matse su har su huce. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, domin in ta sauka kan narkakken baki, haɗin zai yi kyau a ido amma ciki fanko. Mukan kafa rumfar tamfol a kan injin. Kada kuma a cire bututu daga maƙalar injin da wuri don ana sauri.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: wannan roba tana miƙewa da zafi. Mita 100 da ya kwanta cikin zafin ranar Maris zai iya ƙaruwa da santimita 30 zuwa 40, dare ya yi ya koma. Wanda ya auna ya yanka da azahar, da asuba zai tarar bai kai bawul (makunnin ruwa) ba. Haɗin ƙarshe da rufe rami da sassafe muke yi. Ana mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, santimita 15 a daddanne, sannan a shimfiɗa shuɗiyar ledar gargaɗi santimita 30 sama da bututu. Idan farin bututun roba na uPVC ne mai shiga baki da baki, dole a zuba kankare a bayan kowace gwiwa da kowace mararraba, in ba haka ba ƙarfin ruwa zai zare shi. Kan tudu a sa bawul ɗin fitar da iska, a kwari a sa na wanko.

Gwaji ana yin sa ne kafin a rufe wuraren haɗi. A cika a hankali, a fitar da iska, a ɗaga matsi zuwa ninki ɗaya da rabi na wanda layin zai yi aiki da shi. Allurar gejin auna matsi za ta ɗan sauka da farko saboda robar tana buɗewa, wannan ba yoyo ba ne, sai in ta ƙi tsayawa. Bayan nan sai kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mita 500 na wannan bututu yana cin kimanin lita 3,700, garin kulorin giram 280 ya ba da miligiram 50 na tsantsar kulorin a kowace lita. Ya kwana awa 24, a wanke har warin ya tafi.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da jona gidaje. Takarda za ta nuna gida arba'in, a tone a ga reshe ya fi haka nesa, wasu siraran roba ne da suka bi cikin lambatu kamar taliya. Kowane gida sabon reshe muke ja masa mai milimita 25, da maƙalar da ke rungumar babban bututu, da bawul a bakin katanga, a bi ƙarƙashin lambatu ko cikin wani bututun kariya. Sake jona tsohon reshen ƙarfe asarar aiki ce, yoyon yana nan.

Sai kashe tsohon layi. Mun taɓa barin sa da ruwa saboda gidaje uku da ba a gama ba, wata biyu ƙarshen layin bai samu ƙarfi ba, ruwan yana tsiyayewa ta tsohon. Yanzu ranar da aka jona gida na ƙarshe ake yanke shi daga tushe a toshe. In na asbestos ne, ba a sa masa injin yanka a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi, a yanka da hannu da takunkumi a fuska, sauran a bar shi a binne inda yake.