Abin da Nazarin Hasken Aurora Ya Koya Mini

Yawancin tambayoyin da ake yi game da hasken aurora, wato hasken launuka da ke bayyana a sama da dare a yankunan da ke kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, tambayoyin matafiyi ne: ina za a je, a wane wata, kuma da ƙarfe nawa za a fita. Babban abin da na ƙaru da shi a karatun kimiyyar sararin samaniya shi ne cewa amsoshin nan duka suna cikin yadda hasken yake samuwa, har wanda ya fahimci asalinsa zai iya duban taswira ya gane da kansa inda ya kamata ya nufa.

Rana tana watso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki babu ƙaƙƙautawa, da gudun da ya kai kimanin kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya. Maganaɗisun duniya yana kautar da mafi yawansu, amma yana karɓar wani kaso na ƙarfinsu ya tara a ɓangaren da ya ba rana baya, kuma daga can ne yake ingizo ƙwayoyin ilektron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su gangaro zuwa kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Idan suka yi karo da iskar oksijin da naitirojin a sama da kilomita 100 daga doron ƙasa, sai iskar ta karɓi ƙarfin, sannan ta sake shi a matsayin haske.

Batun launuka ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan na ga cewa kowane launi yana ba da labarin nisan da ya fito. Kore, wanda aka fi gani, na oksijin ne, kuma ƙwayar oksijin ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba take sakin sa. Ja ma na oksijin ne, sai dai ƙwayar tana buƙatar kusan minti biyu kafin ta fitar da shi, kuma idan wata ƙwaya ta buge ta kafin lokacin ya cika, ƙarfin ya tafi ke nan ba tare da haske ba. Shi ya sa ja ba ya bayyana sai can sama da kilomita 200, inda iska ta yi ƙaranci sosai. Shuɗi da shunayya da ake gani a gefen ƙasa na naitirojin ne. Mai kallon da ya san wannan, idan ya ga hasken ya sauko kamar labule, sama ja, tsakiya kore, yana ganin hawa-hawan sararin sama ne da idonsa.

Tarihin binciken ma ya koya mini haƙuri. Kristian Birkeland, masani ɗan ƙasar Norwe, ya nuna tun wajen shekarar 1900 cewa ƙwayoyi daga rana ne sanadin hasken, ta hanyar harba ilektron kan wata ƙwallo mai maganaɗisu a ɗakin gwajinsa. Ya rasu a 1917, kuma sai bayan gomman shekaru taurarin ɗan'adam suka tabbatar da abin da ya faɗa game da lantarkin da ke gudana a can sama.

Tun da maganaɗisu ne yake jagorantar ƙwayoyin, hasken yana zama ne a wani zobe da ya kewaye ƙuryar maganaɗisun duniya, a wajen digiri 65 zuwa 70 idan aka ɗauki ƙuryar kanta a matsayin digiri 90. Garuruwan da suka yi suna, irin su Tromso a Norwe, Abisko a Suwidin, Fairbanks a Alaska da Yellowknife a Kanada, da ƙasar Aislan, duk suna ƙarƙashin zoben nan ne ko dab da shi. Saboda haka ƙara nutsawa arewa ba lallai ya ƙara wa mutum komai ba, domin yana iya wuce zoben ya bar shi a bayansa. A kudu zoben ya fi faɗawa kan teku da nahiyar Antatika, don haka masu kallo suke dogara ga Tasmaniya da kudancin Niyu Zilan.

Lokacin zuwa kuwa duhu ne yake tsara shi. A tsakiyar shekara dare ba ya yin duhu a waɗannan wurare na arewa, saboda haka daga ƙarshen Satumba zuwa Maris ake zuwa, kuma sa'o'in da ke kusa da tsakar dare sun fi dacewa. Ayyukan rana suna hauhawa da sauka a zagayen kimanin shekara 11, kuma idan ta yi aman wuta mai ƙarfi zoben yana faɗaɗa: a Satumban 1859 an ga hasken har Kyuba, a Mayun 2024 kuma har Meziko.

Darasin da nake ganin ya fi wajaba a gaya wa matafiyi shi ne iyakar hasashe. Aman rana yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso, amma ƙarfin tasirinsa ya dogara ne ga inda maganaɗisunsa ya fuskanta, kuma ba a sanin hakan sosai sai ya wuce taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, wato saura abin da bai wuce sa'a ɗaya ba. Ko komai ya daidaita, gajimare yana iya rufe shi baki ɗaya, tun da hasken yana can nesa a samansa. Akwai kuma bambanci tsakanin ido da kyamara: haske mai rauni yakan bayyana ga ido fari-fari, alhali hoto yana nuna shi kore shar. Don haka wanda zai yi wannan tafiya ya tanadi darare da yawa, ya nisanci fitilun gari, ya kuma riƙa bibiyar hasashen gajimare kamar yadda yake bibiyar na rana.