Abin da Horon Yaƙin Cikin Gari Ya Koya Mini Game da Kunne

Ɗan ƙanwata ya zo yi mini sallama kafin ya shiga makarantar horar da kuratan soja ta nan Zariya, wadda take yaye sojoji tun 1924, ya zauna a zaure ta hannuna na hagu yana ta bayani, ni kuwa ina kallon bakinsa kawai. Sai da na ce masa ya dawo ta dama sannan maganarsa ta fito mini sarai. Ya ce, "Kawu, a fagen daga ne ka samu wannan?" Na ce masa a wajen atisaye ne, cikin ɗakin bulo marar rufin kirki, kuma da hannuna na cire abin da zai kare ni.

A lokacin ina kofur, aka tura mu wani sansani domin koyon yaƙin cikin gari, wato yadda ake bin lungu, a kutsa gida, a share ɗaki bayan ɗaki. Wanda ya san lungunan cikin birnin Zazzau, inda katanga take fuskantar katanga, zai fahimci yadda ƙara take yi a irin wannan wuri. A fili ƙarar bindiga tana watsewa ta tafi abinta, amma tsakanin bango huɗu sai ta bugi gini ta dawo, ga kuma bakin bindigar abokin aikinka bai fi kamu ɗaya daga kafaɗarka ba. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana yi wa kunne illa idan aka daɗe a cikinta kamar awa 8 a kullum, ƙarar farat ɗaya kuwa haɗarinta yana farawa daga 140, alhali harbin bindigar soja yana haura 150.

An ba mu matoshin kunne na soso, to amma a wannan horo kunne makami ne. Da shi kake jin takun ƙafa a bayan ƙofa, da shi kake jin umarnin saje, da shi kake gane ta wace kusurwa harbi ya fito. Saboda tsoron kada umarni ya wuce ni, na zare matoshin hagu na jefa a aljihu, muka shiga ɗaki, na kusa da ni ya buɗe wuta. Nan take duniya ta yi tsit, sai wani siririn kuka kamar na gyare da ya cika mini kai. Bayan kwana biyu ji ya ɗan dawo, na ɗauka an wuce wurin, har na sake yin haka a atisaye na gaba.

Shekaru bayan na ajiye aiki wani likitan kunne ya zana mini abin a takarda. Ya ce, "Baba, dodon kunne idan ya fashe yakan warke, amma can ciki akwai wani sashe mai kama da katantanwa, cike da ƙananan gasu masu ɗauko sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa." Ya ƙara da cewa siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, shi ya sa nake jin muryar mutum amma kalmomin su cakuɗe mini, musamman a kasuwa ko wajen ɗaurin aure. Ya kuma ce mai harbi da hannun dama kunnen hagunsa ne ya fi shan wahala, domin shi ne yake fuskantar bakin bindiga.

Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. A Amurka kukan kunne, wato irin wannan kukan gyare da mutum yake ji a kansa, shi ne kan gaba cikin larurorin da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kansu, kuma a 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya kusan dala biliyan 6 domin sasanta ƙararrakin da sojoji suka shigar kan wani matoshin kunne na kamfanin, ba tare da ya amsa laifi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na san yadda ake sa soson da kyau, da ban ji buƙatar cire shi ba, domin ana jin umarnin da aka ɗaga murya ko da yana ciki. Ana murza shi ne ya zama siriri, a ɗaga kunne sama da ɗaya hannun, a tura shi ciki a riƙe har ya kumbura. Auduga, wadda da yawanmu muka dogara da ita, kusan ba ta tare komai. Yanzu akwai matosai masu barin magana ta wuce su dakushe ƙarar harbi, kuma a cikin gini ya fi kyau a haɗa matoshi da marufin kunne na waje.

Na ɗauko sabon soso guda biyu na sa yaron ya gwada a gabana har sau uku, sai da na ga ya iya. Da zai tafi ya durƙusa ta damana ya ce, "Kawu, a sa mini albarka," na kuwa ji shi sarai.